Ƙofar mota mai zuge kanta idan ta fara gardama, daga ina ake fara bincike?

Duk mai Sienna ko Odyssey ko Caravan da ta ɗan kwana biyu ya san wannan abin, ka danna botin ƙofar baya ta yi ƙarar nan tata, ta taso kamar zata rufe, tana zuwa rabin hanya sai ta tsaya ta koma inda ta fito. Ko kuma ta ƙi motsi kwata-kwata kamar ba da ita kake ba. Abinda yawancin mutane ke fara faɗa shine ai moto ya mutu, kuma in ka shiga gareji da wannan maganar a bakinka ba zaka rasa mai tayaka yarda ba, tunda moton yana cikin abubuwa mafi tsada a ƙofar. Gaskiya kuwa moton nan shine na ƙarshe da ya kamata a zarga, sau da yawa lafiyarsa lau, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Sai ka san yadda abin yake aiki kafin ka gane me yasa nace haka. Ƙofar tana rataye ne akan layi uku, ɗaya a sama wajen rufi, ɗaya a tsakiya wanda ake gani ta waje ƙarƙashin gilashin baya, ɗaya a ƙasa wajen matakala, kowanne da rolarsa. A yawancin motocin nan kebul ne guda biyu ke jan ƙofar, ɗaya yana ja gaba ɗaya yana ja baya, suna naɗe a jikin wani ɗan ganga da moto ke juyawa, kuma tsakanin moton da gangan akwai kuloci na maganaɗisu wanda sai wuta ta shigeshi yake kamawa, shi yasa in an kashe wutar zaka iya tura ƙofar da hannu. Inda moton yake zaune ya bambanta, a Sienna ta 2004 zuwa 2010 cikin ƙofar kanta yake, a Odyssey ta 2005 zuwa 2010 yana jikin bodi a bayan roba ta gefen kujerun baya, Caravan da Town & Country na 2001 zuwa 2007 kuma ba ma kebul bane, giya ce mai haƙora take bin layin ƙasa. Sannan akwai lok na gaba da na baya, da ƙaramin moto mai sakin lok, da wani mai jawo ƙofar ya matseta a ƙarshen rufewa, da 'yar kwamfuta da ke ba kowa umarni. Tsarin ba sabo bane, tun samfurin 1994 kamfanin General Motors (GM) ta saka irinsa a motocinta kamar Pontiac Trans Sport, kuma har yau asalin dabarar bata canza sosai ba.

Toh abinda ya fi komai muhimmanci shine ita kwamfutar nan bata gani. Bata san ko hannun yaro ne ya tare ƙofa ko tsakuwa ce a layi ko rola ce ta cinye ba, banda sensar robar bakin ƙofa da zan zo kanta, abinda kawai ta sani shine saurin juyawar moto da yawan wutar da yake ja. Akwai sensa da ke ƙirga juyin moton, da zarar taga saurin ya ragu ko moto ya fara jan wuta fiye da ƙima sai ta ɗauka wani abu ne ya shiga tsakani, ta tsayar da ƙofar ta maida ita baya don kar ta matse mutum. Kaga kenan ƙofar da ke zuwa rabi ta koma galibi ba lalacewa moton yayi ba, aikinsa ma yake yi daidai, nauyi ne yayi masa yawa. In ka saka sabon moto akan rolar da ta mutu haka zai ci gaba da yi, ƙila ya ɗan jure na wani lokaci saboda sabunta, daga baya ku dawo gidan jiya.

Kafin a taɓa sifana akwai abubuwan da ba lalacewa bane sam amma suna sa mutum ya rantse ƙofa ta lalace. A Sienna da Odyssey akwai babban makunni kusa da sitiyari da ke kashe wutar ƙofofin gaba ɗaya, a Sienna an rubuta PWR DOOR OFF a jikinsa, gwiwar direba ma tana iya dannashi ko mai wankin mota, mutum bai sani ba. Giya in bata zauna a fakin sosai ba wasu motocin basa barin ƙofa ta buɗe. Lok ɗin yara da ke gefen ƙofar in an ɗagashi hannun ciki baya aiki. Murfin tankin mai in yana buɗe, ko ɗan suwic ɗinsa ya maƙale, ƙofar ɓangaren tankin bazata zuge ba, da gangan aka yi haka don kar ta bugi bakin famfon mai. Haka gilashin ƙofar in an saukeshi sosai, a Odyssey da Sienna ƙofar tana tsayawa kafin ta kai ƙarshe saboda kar kan yaro ko hannunsa na waje ta datseshi. Sai batir, wanda shi mutane suka fi rainawa, batir mai lafiya da mota a kashe yana nuna wajen bolt 12.6 a mita, in ya sauka ƙasa da 12 ya yi sanyi, kuma zai iya tada inji amma ƙofa ta rinƙa tafiya a sanyaye tana komawa. Gwaji mai sauƙi, tada motar ka sake dannawa, in tana aiki da inji a kunne tana ƙi in an kashe, fara da batir da kan batirin, ba ƙofa ba.

Sannan ka tambayi kanka, ƙofa ɗaya ce ko duka biyun? In duka biyun suka mutu rana ɗaya da wuya ace moto biyu sun haɗa baki, abinda suka yi tarayya akai zaka nema, makunni, fiyus, batir, siginar giya. In ɗaya ce kuma ka samu sauƙi, domin ɗayar ta zama ma'auni, duk abinda ka ji ko ka auna a mara lafiyar sai ka je ka kwatanta da mai lafiyar.

Yanzu ga gwajin da a wajena yafi kowace na'ura amfani, kuma ba ya buƙatar komai sai hannunka. Ajiye motar a waje mai daidai ba gangare ba, kashe makunnin wutar ƙofar, ka buɗe ta da hannu a hankali har ƙarshe, ka dawo da ita a hankali, kana saurare kana jin abinda hannunka ke gaya maka. Ƙofa mai lafiya da hannu ɗaya take tafiya, da ɗan nauyin kebul kaɗan amma sumul, ba tsalle ba gurnani. In ka ji tana tafiya lafiya da hannu toh matsalar ta wuta ce ko lok ko abinda ke jan ƙofar, ka bar layi da rola. In kuma ka ji tana nauyi, ko tana kakarewa a wani waje, ko tana ƙurrr kamar ana niƙa yashi, toh ka manta da fiyus da kwamfuta tukuna, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Wannan gwajin kaɗai ya raba maka aikin gida biyu, kuma duk wanda zai gaya maka abinda ya lalace bai yi shi ba, canka kawai yake.

Mu fara da ɓangaren nauyi domin nan ne mafi yawan matsala take. Layin ƙasa shi ke kwashe duk abinda ya faɗi a mota, tsakuwa, murfin roba, kwabbai, kayan wasan yara, ƙura da ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar kwalta. Haska tocila ka duba, ka share da burushi da tsumma har ka ga ƙarfe. Daga nan ka buɗe ƙofar rabi ka kama ƙarshenta na baya ka ɗan ɗaga sama, in ka ji tana wasa sama da ƙasa rolar tsakiya ta tafi ko bushin hinjinta ya cinye. Rolar tsakiyar nan ita ke ɗaukar wahala, ita ke waje ruwa na dukanta, ita kebul ke ja, ita ke shan kwana inda layin ya lanƙwasa ya shiga ciki, tayoyinta na roba ne mai tauri da boris a ciki, robar tana tsagewa ta faɗi ya rage ƙarfe zalla yana gurzar layi. Masu Odyssey sun san wannan ciwon sosai. Alamarsa ta waje ita ce ƙofa ta ɗan sunkuyo ta baya, layin jikinta ya daina haɗuwa da na bodi, wani lokacin har ta fara kankare fenti a gefen mota. In ka ga fenti ya fara karcewa a wajen kar ka ƙara danna botin, kowane dannawa kana ƙara wa kebul azaba ne.

Kebul ɗin shi kansa irin wayar birkin keke ne, zaren ƙarfe da aka lulluɓe da roba. Robar tana tsufa da rana ta fara tsagewa, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama zaren, ya fara warwarewa ɗaya bayan ɗaya, ranar da ya tsinke zaka ji ƙara kamar an harba wani abu sannan ka ga waya tana reto a gefen mota. Mafi muni kuma shine in bai tsinke ba ya cukurkuɗe a cikin gangan, ƙofar ta tsaya cak ba gaba ba baya ko da hannu. Duba shi ba wuya, buɗe ƙofar duka ka leƙa layin tsakiya, in ka ga roba ta ɓare ko zare ya tashi, kwanansa ya kusa. Kuma ra'ayina anan ba sassauci, duk wanda zai canza kebul ya canza rolar tsakiya tare, domin galibi ita ce ta kasheshi, sabon kebul akan tsohuwar rola asarar aiki ce. Wajen canjin ma a ɗauki hoto kafin a warware komai, yadda kebul ya naɗu a ganga da inda sifirin ɗin da ke ɗaure shi suke, in aka naɗa shi a juye ko aka bar shi sako-sako zai sake fita daga hanyarsa tun a gwajin farko. Kuma ƙofar nan tana da nauyi, in za a cire rola sai an tallafeta da jak da katako a ƙasa ko mutum na biyu ya riƙe, in ta sauka a kan rola ɗaya zata lanƙwasa hannunta.

Maganar mai kuma, mutane na son fesa WD-40 ko'ina. Yana da amfani wajen wanke tsohon datti da sakin abinda ya ciza, amma baya zama, kwana kaɗan ya bushe. Farin giris na litiyam shi ya dace da cikin lok da hinji da boris, feshin silikon kuma na robar da ta zagaye ƙofa, wadda in ta bushe takan manne ta riƙe ƙofar a farkon buɗewa. Kar a cika layi da giris har yana ɗiga, ƙura zai tara, nan da ɗan lokaci ya zama shine matsalar.

Toh in da hannu tana tafiya sumul fa? Nan kunne zai yi aiki. Danna botin ka kasa kunne a jikin ƙofar. In shiru kake ji, ko ƙas babu, wuta bata zuwa ko umarni baya zuwa, sai ka gwada ta kowace hanya, rimot, botin direba, botin jikin ginshiƙi, hannun waje, hannun ciki, in ɗaya kaɗai ya ƙi toh shi wannan suwic ɗin ne. In duka sun ƙi sai fiyus, kuma a lura ƙofofin nan sukan sami fiyus fiye da ɗaya, babba na moto da ƙarami na kwamfuta, wani a akwatin gaban inji wani a ƙarƙashin dashbod, littafin motar zai nuna. Auna shi da mita, ido yana yaudara. Fiyus da ya ƙone ka canza ya sake ƙonewa yana gaya maka wani abu ne, ko waya ta goge tana taɓa bodi ko moto yana fama da nauyi, kar ka kuskura ka saka mai lamba mafi girma ko ka ɗaura waya a madadinsa, wayoyin ƙofar ne zasu zama fiyus ɗin.

In kana jin moto na juyawa wiii amma ƙofa ko gezau, kebul ya tsinke ko kuloci baya kamawa ko haƙoran giya sun gutsure. In ka ji ƙas ƙas ƙofa tana so ta tafi amma kamar an riƙeta, sannan da ka ja hannun ƙofar da kanka sai ta wuce da wuta lafiya lau, toh ƙaramin moton sakin lok ne ya gaji, wannan sananne ne a Sienna ta 2004 zuwa 2010, kuma ɗan ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da babban moton da ake cewa a canza. In ta rufe har ƙarshe amma bata matse ba, fitilar ƙofa na kunne a dashbod ana ta ƙara, duba moton matsewa da ƙananan suwic da ke cikin lok na baya, su ke gaya wa kwamfuta cewa an kama rabi ko an kama duka, in datti ya hanasu dannuwa kwamfuta bata san ƙofa ta iso ba, wani lokaci ma sai ta sake buɗeta. Irin wannan yana iya shanye batir cikin dare tunda motar bata yarda an rufe ba balle ta yi barci.

Inda ƙofar ke juyawa ma shaida ne. In kullum waje ɗaya take tsayawa, je ka duba layi da kebul a daidai wajen. In sai ta zo dab da rufewa take komawa, lok ne ko ƙofa ta sunkuya bata saituwa da ƙarfen da take kamawa. In ko tashi bata yi ba take fasawa, ko tana buɗewa da wuta amma ta ƙi rufewa, a duba sensar da ke cikin robar bakin ƙofa, doguwar roba ce daga sama har ƙasa wadda in an taɓata take tsayar da ƙofa, in ta yage ko wayarta ta katse kwamfuta sai ta ƙi rufewa gaba ɗaya.

Sai wayoyin da ke shiga ƙofar, wanda shi rewaya ya kamata ya fara tunawa. Ƙofa ce mai tafiya, dole wayoyinta su rinƙa lanƙwashewa duk buɗewa duk rufewa, shekara da shekaru. A Caravan da Town & Country suna cikin wata sarƙar roba a layin ƙasa, kuma nan suke karyewa, wani lokaci tagullar ciki ta katse robar waje tana nan lafiya baka ganin komai. Alamarsa matsala mai zuwa tana tafiya, yau tayi gobe ta ƙi, ko gilashi da lok na wannan ƙofar su ma su fara wasa, ko abu yayi aiki in ƙofa na rufe ya ƙi in tana buɗe. A sa mita a waya a rinƙa motsa sarƙar ana kallo. In an samu wajen, a haɗa da dalma a rufe da kyau, amma haɗin da ya faɗo daidai inda waya ke lanƙwasa baya daɗewa, gara a canza tsawon wajen duka. Tsofaffin Odyssey na 1999 zuwa 2004 kuma suna da wasu ƙusoshi masu sifirin a bakin ƙofa da ke taɓa faranti a jikin ginshiƙi, in suka yi datti ko tsatsa sai a goge su kawai.

Akwai kuma lokacin da ba abinda ya lalace, kwamfutar ce ta manta inda ƙofa take, yawanci bayan an cire batir ko ya mutu ƙofa na buɗe. Gyaransa sake saiti ne, kusan duka dabarar ɗaya ce, a kashe makunni, a cire fiyus ɗin kwamfutar ko kan batir na ɗan lokaci, a rufe ƙofar da hannu ruf, a maida wuta, sannan a barta ta buɗe duka ta rufe duka da kanta. Matakan suna ɗan bambanta daga mota zuwa mota, a bi na littafinta. Amma in sai ka rinƙa yin wannan duk sati toh ba mantuwa bace, akwai abinda ke sa ta kashe kanta. Anan ne na'urar karanta kod, wato lambar matsalar da kwamfuta ke ajiyewa, take da amfani, sai dai ƙananan nan masu arha inji kawai suke karantawa, kod ɗin ƙofa na bodi ne masu farawa da harafin B, sai babbar na'ura ko irin Techstream na Toyota da HDS na Honda, waɗanda har suna nuna maka kowane suwic yana kunne ko a kashe kana motsa ƙofar.

Wani abu da ya kamata mai motar ya bincika shine ko tana cikin waɗanda kamfani ya kira gyara. A Nuwamban 2016 Toyota ta kira Sienna kusan 744,000 a Amurka, samfurin 2011 zuwa 2016, saboda in wani abu ya hana ƙofa buɗewa, misali ƙanƙara ta riƙeta, fiyus ɗin moton na iya ƙonewa alhali lok ya riga ya saki, ƙofa ta iya zugewa mota na tafiya. Honda ma a 2018 ta kira Odyssey kusan 107,000 na 2018 da 2019 akan lok ɗin baya da ke maƙalewa baya kamawa. In motarka fitar Amurka ce, lambar shasi mai harafi da lamba 17 zaka saka a shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar motoci a hanya ta Amurka, ka ga ko an yi mata gyaran ko ba a yi ba. Na kawo wannan ne don a gane matsalar lok ba irin ta rola bace, rola zata bata maka rai ne kawai, lok da baya kamawa kuwa a wajen da yara ke zama, wannan ba abin a jira ƙarshen wata bane.

Wanda kuma kebul ɗinsa ya tsinke bai shirya kashe kuɗi yanzu ba, yana da mafita, kuma ban ga aibunta ba. A yanke ragowar kebul ɗin ta ɓangarorin biyu yadda ba zai shiga rola ba, a kashe makunnin wutar ko a zare soket ɗin moton, ƙofar ta koma ta hannu kamar ta kowace mota, a motoci da yawa ma moton matsewa yana ci gaba da aikinsa. Sharaɗin kawai a tabbatar lok na gaba da na baya suna kamawa, kuma abin da ke riƙe ƙofa in an buɗe duka yana aiki, don kar a tsaya a gangare ta zugo kan mai fita. In aikin zai kai ga cire robobin gefen ciki ko na ginshiƙi, a cire kan batir na negetib a jira tukuna, Toyota na cewa daƙiƙa 90 Honda kuma minti 3, saboda wayoyin jakar iska na bi ta wajen, soket ɗinsu rawaya ne, kar a sa musu mita kar a ja su.